Kwat a Bayan Kujera

A wannan kamfani ba a cewa mutum ya tashi daga aiki, sai dai a ce ya ɗan fita. Shaidar haka kuwa kwat ɗinsa ce, tana rataye a bayan kujera, kafaɗunta a miƙe, kamar mai ita ya leƙa banɗaki ne yanzu zai dawo. Mai ita yana iya kasancewa a gida yana sharar barci, ko a wurin surukai, ko ma a wani gari. Kwat dai tana bakin aiki. Mata ma ba a bar su a baya ba, kowacce tana da tata ta ajiya.

Kamfani ne na binciken kuɗi da ba da shawara, mai dogon bene na gilashi a bakin babban titi. Aikinsu shi ne shiga harkokin wasu su fito da abin da aka rufe. 'Yan shekarun nan suka ƙara da sabuwar sana'a, ta koya wa bankuna da masana'antu yadda za su rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ana nan sai wani abokin hulɗa ya yi tambayar da ba a shirya mata ba: to ku fa? Wanzami ba ya son jarfa, amma tambaya ta riga ta fito. Aka yi taro, aka yi alkawari a bainar jama'a cewa kamfani zai rage wutar da yake sha, aka buɗe sabon ofis don wannan aiki, aka nemi mai riƙe shi.

Mutum ɗaya ce ta ɗaga hannu. Babbar odita ce, mai binciken kuɗi, wadda ta yi shekaru tana zuwa sito-sito na mutane ba sanarwa, kuma saura ƙiris a ba ta sashe guda. Abokan aiki suka ce ta yi sakiyar da ba ruwa. Kafin wata ya zagayo sun raɗa mata suna Madam Kashe-Wuta, sunan kuma ya bi ta har masu gadi.

Ta yi abin da ake yi. Ta sa aka sauya ƙwan fitilu, aka kwashe kofunan roba, aka tilasta wa firinta buga takarda gaba da baya. Ta manna 'yan takardu a gefen kowane makunni. Mutane suka yi gunaguni, suka saba. Mitar wuta kuwa ko gezau.

Shugaban kamfanin ya kira ta ofishinsa a hawa na sama. Jan Biro ake ce masa a bayan ido, domin bai taɓa mayar wa kowa takarda ba tare da ja a jikinta ba. Yana zaune da farar riga, kwat ɗinsa a bayan kujera.

"Madam, na karanta rahotonki. Rubutu ya yi kyau. Mita ce dai ba ta iya karatu ba."

"Ina kan bincike, yallaɓai."

"Taron shugabanni ƙarshen watan gobe ne. In lambar nan ba ta sauka ba, zan rufe ofishin. Mu sayi itatuwa, mu shuka, a ɗauke mu hoto da shebur, kowa ya huta. Ke kuma ki koma bincike." Ya turo mata rahoton. "Kujerarki ta da an ba wa wanda kika koya wa aiki. Za ki zauna a ƙarƙashinsa."

Ta ce ta ji, ta ɗauki rahoton. Ya ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya kawai, alkawari, ya sa mata alamar tambaya.

A gida ta baza takardun wuta a kan teburin cin abinci, a gefen littattafan ɗalibai da maigidanta yake dubawa. Malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai fara'a, wanda bai taɓa mallakar kwat ba sai ta ranar aurensu.

"Odita, ki matsa min da shara, kin danne min ɗan aji uku."

"Malam, ka bar ni. An kwashe kofunan roba, ƙwan fitilu sun sauya, wuta tana nan yadda take."

"To ko kin bar jaki kina dukan taiki? Kofin roba me ya ci miki?"

Takarda ce a gabanta, kuma ita ce ke gaya wa ƙananan ma'aikata kullum cewa takarda ba ta da ido. In an ce buhu dubu ne a sito, ka je siton, ranar da ba a zaci zuwanka ba. Ta yi wa kamfanoni da yawa haka. Nata ne kaɗai ba ta taɓa yi wa ba.

Ranar Asabar da hantsi, za su kasuwa, ta ce ya biya da ita ofis. Ya ce ba zai zauna a mota rana ta gasa shi ba, ya biyo ta. Lif ya buɗe a hawa na uku, sanyi ya doke su a fuska. Fitilu tar, na'urorin sanyi suna ta huci a rufi. Babu kowa. Kujeru jere-jere, kusan kowacce da kwat a bayanta, baƙa, shuɗiya, ruwan toka, duk sun fuskanci kwamfutoci.

Malam ya rungume hannuwansa. "Nan ofis ne ko mutuware? Sannunku da aiki, bayin Allah. Ba sa amsa gaisuwa ne?"

Hawa na huɗu haka. Na biyar haka. Ta shafa kafaɗar wata kwat, ƙura ta biyo yatsanta. A hawa na sama, ta cikin gilashi, ta hango ta Jan Biro a mazauninta.

Suka sauka ɗakin ƙasa, inda mai kula da ginin yake zaune gaban allon makunnai yana jin rediyo. Ta tambaye shi me ya sa ba a kashe komai ba.

"Umarni ne, Madam. Tun kafin in zo yake. Wai wata rana Shugaba ya fita cin abinci, ya dawo ya tarar an kashe masa wuta, ɗaki ya yi zafi. Shi ne ya ce duk hawan da aka ga kwat a kujera, akwai mai aiki, kada a taɓa. Ni kuwa ban taɓa zagayawa na ga hawa ba kwat ba."

"Dare da rana?"

"Har ranar hutu."

"Ba ka taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma ni a zatona kun sani. Ai kayanku ne."

Gaskiyarsa. Kowa a sama ya san zancen kwat, kowa a ƙasa ya san zancen makunni, ba wanda ya taɓa haɗa biyun. Tata kwat ɗin ma tana can a hawa na biyu, kusa da takardar da ta manna mai cewa a kashe wuta. Ta hau ta ɗauko ta.

Ranar Litinin ta fara da wanda ta fi sabawa da shi. Tare aka ɗauke su aiki, kuma shi ne ya fara sayen kwat ta biyu musamman don kujera, shi ya sa har yau ake ce masa Kwat Biyu. Ta same shi a ɗakin shayi, ta gaya masa abin da ta gani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta tsaya.

"Tsaya, Yaya. Ba dai so kike mu kwashe ba?"

"Ranar Juma'a kowa ya tafi da tasa. Shi ke nan."

"Shi ke nan? Kin manta zagayen Juma'a? Mutumin nan yana saukowa daga sama har ƙasa da ƙafa, yana kallon kujeru. Bai taɓa cewa yana ƙirgawa ba, amma wanda kujerarsa ta zauna tsirara ya taɓa samun ƙarin girma? Sunana yana kan teburinsa yanzu haka. Shekara nawa ina jira?"

"In kowa ya cire, ba wanda za a gani."

"In kowa ya cire. To wa zai fara? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ki ceci duniya, Yaya, ban hana ki ba, amma ba da kwat ɗina ba."

Duk da haka ta aika wa kowa saƙo, cikin ladabi, ba ta ambaci sunan kowa ba. Amsoshi suka yi ta shigowa, kowa yana yaba tunanin. Ranar Asabar ta dawo ta duba. Kwat ɗaya ce kawai ta bar kujera a duk ginin, tata. Mako guda ya tafi a banza.

Sai ta hau sama. Ta yi wa Jan Biro bayani a taƙaice, kamar yadda take yi wa masu sito: ga abin da aka ce, ga abin da na gani. Ta zaci zai yi mamaki. Bai yi ba.

"Kina tsammanin ban san ba kowa a cikin rigunan nan ba? Ni yaro ne?" Ya ajiye biro. "Wanda ya bar kwat ɗinsa, cewa yake yi hankalina yana nan. Ladabi ne. Kuma duk wanda ya wuce ta titin nan, ko wane lokaci ne, yana ganin gininmu a haske. Kin san aiki nawa hasken nan ya kawo mana?"

"Ban ce a hana kwat ba, yallaɓai. A janye umarnin kawai. Su yi ladabinsu a cikin duhu, ba sa jin zafi."

"Umarnin nawa ne. Magana zarar bunu ce, Madam. In na janye yau saboda mita, gobe saboda me?"

"Alkawarin ma naka ne. Kai ka karanta shi a gaban mutane."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ban hana kowa ɗaukar rigarsa ba. Ki nuna min inda na rubuta a bar ta. In sun kwashe, mai gini ya kashe, umarni bai karye ba. In ba su kwashe ba, wannan tsakaninki da su ne."

Ta fito. A lif ta sake juya maganar. Bai ba ta komai ba, amma ya faɗi iyakarsa da bakinsa: umarni yana nan, kwat kuwa kowa da tasa. Kuma shi ma yana cikin kowa.

Ta gaya wa Malam abin da za ta yi. Ya ajiye jan bironsa, domin shi ma yana da nasa.

"Odita, wannan mutumin zai iya korarki."

"Zai iya."

"To in ya kore ki, akwai gurbi a makarantarmu. Mu ba mu da na'urar sanyi balle a bar ta a kunne. Rahotonki zai yi kyau tun ranar farko."

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya, lokacin zagaye, ta hau hawa na sama ta tsaya kusa da teburin sakatariya. Al'adar Jan Biro sananniya ce. Yakan fito da farar riga, hannu a naɗe, kamar wanda ya ɗan miƙe ƙafa daga aiki, ya bi matakala hawa bayan hawa, ya fita ta ƙofar baya inda direba ke jira. Ba a sake ganinsa sai Litinin. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ya fito. Ma'aikatan hawan suka duƙufa kan kwamfutoci. Ita kuwa ta shiga ofishin da ya bari a buɗe, ta zare kwat ɗin daga kujera, ta riƙo ta da hannu biyu kamar mai kawo wa uba ruwa, ta cim masa a bakin matakala.

"Yallaɓai, ka manta kwat ɗinka."

Ba ta ɗaga murya ba, amma sautin madannai ya ɗauke a hawan gaba ɗaya.

Ya dubi kwat ɗin, ya dube ta. "Zan dawo."

"To, yallaɓai. Zan jira ka da ita a nan."

"Ban san lokacin da zan dawo ba."

"Ba komai. Na gaya wa maigidana kada ya jira ni."

Wani ya yi tari a bayan kabad. Babu wanda bai san labarin mai siton da ya ce makulli ya ɓata ba, ta zauna a kan bulo a ƙofar siton har makullin ya gaji ya bayyana. Jan Biro ya fi kowa sanin labarin, shi ya rubuta mata takardar yabo a kai. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya dawo da gaske, yau da kowace Juma'a, ko ranar Litinin a tarar da ita a bakin matakala da rigarsa a hannu, duk gini ya san inda aka kwana.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya mayar. Sakatariya, wadda ta san uwargidansa ce ke kira, ta sunkuyar da kai.

"Madam," ya ce a hankali, "ke dai ba ki da kirki."

"Kai ka koya min aiki, yallaɓai."

Ya juya mata baya, ya miƙa hannuwa. Ta ɗan yi jim kafin ta gane, sannan ta saka masa. Ya gyara wuya, ya ɓalle maɓalli ɗaya, ya fara sauka.

Ta bi shi a baya da tazara. Bai ce wa kowa komai ba, bai kuma dubi kujera ko ɗaya ba. A kowane hawa mutane suka ɗaga kai suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Shugaba yana zagaye da kwat a jikinsa. Mutanen da sana'arsu karanta alamu ce ba sa bukatar sanarwa. Kafin ya kai ƙasa an fara jin jan kujeru a sama. Wasu suka fita da kwat biyu, ɗaya a jiki ɗaya a hannu, suna kauce wa idon juna a lif. Wata mata ta ɗaga tata ta kakkaɓe, ta yi atishawa, ta ce ashe nan ta bar makullin da ta yi wata da watanni tana nema.

Washegari da hantsi Malam ya tsayar da mota a gefen titi. Suka ɗaga kai. Ginin ya yi duhu daga sama har ƙasa, gilashi yana mayar da hasken rana, ban da hawa na huɗu. Shi yana nan tar.

Mai kula da gini ya tarbe ta a ƙofa. "Guda ɗaya ce, Madam, kusa da taga. Na tsaya a kanta na daɗe. Amma umarni umarni ne."

"Ka yi daidai."

Ta hau. Ta san kwat ɗin tun daga nesa, mai ruwan toka, gwiwar hannunta ta fara sheƙi. Za ta iya ɗauke ta ta jefa a kabad, ba wanda zai sani. Sai dai ranar Litinin za ta koma kujera, Juma'a mai zuwa kuma maƙwabcinsa zai ga an bar ɗaya, ya bar tasa. Ta zaro waya.

"Yaya, yau Asabar ce fa," in ji Kwat Biyu. Ana jin hayaniyar yara a bayansa.

"Na sani. Ina tsaye a kan abokin aikinka. Hawa guda ake sanyaya masa shi kaɗai."

"Ki fahimce ni. Jiya kowa ya cire. In mutumin nan ya leƙo ya ga tawa ce kaɗai, ai ni ne gwarzo. Dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu."

"In ya leƙo, zai ga kai kaɗai ne ba ka gane abin da ya faɗa jiya ba."

"Bai faɗi komai ba."

"Shi ya sa."

Ya ja tsaki.

"In na rasa girman nan, a wuyanki."

"Na ɗauka. Ka zo, ina jira."

"Har yaushe?"

"Ka san ni."

Ya zo da gajeren wando da silifa, fuska a murtuke. Bai gaishe ta ba. Ya fizgi kwat ɗin, ya dunƙule ta a hammata, ya yi gaba. A bakin lif ya juyo ya ce yanzu sai a sauya masa suna, tunda an raba shi da sana'arsa. Ta ce za a duba.

Ta kira ɗakin ƙasa. Fitilu suka mutu layi bayan layi, hucin rufi ya yi ƙasa, ya tsaya. Tun da ta fara aiki a ginin ba ta taɓa jin sa shiru ba. Har ƙarar motocin titi ana ji.

A taron shugabanni lambar ta sauka, ba ta kai alkawari ba, amma ta sauka yadda ba mai iya cewa kuskuren mita ne. Jan Biro ya karanta rahoton da kansa. Bai ambaci kwat ba, bai kuma dube ta ba, kamar yadda bai dube ta ba tun ranar Juma'ar nan. Ya ce ofishin zai ci gaba zuwa taro na gaba, a ga abin da hali zai yi. Da aka mayar mata da takardar, ya soke kalmar nasara da ja, ya rubuta somawa a samanta. Ba ta ga abin gardama a gyaran ba.

Tana komawa hawa na biyu ta hangi wata jaka a kan wata kujera, an jingine ta da kyau, mai ita ya ɗan fita. Ta tsaya ta dube ta, sannan ta ɗaga waya ta tambayi mai kula da gini ko umarnin ya ce wani abu game da jaka.